Ladi Kwali da Randar da Ta Daina Sanyaya Ruwa

A kasuwar Garwa, inda fataken Yola da Mubi suke sauke kaya, takardar naira ba baƙuwa ba ce. In ta naira ashirin ta zo hannunka, ya mai karatu, ka juya bayanta. Za ka ga wata mace tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali, hotonta kuwa yana kan takardar nan tun 2007. Labarinta ya shafe mu, gama sana'arta ita ce ta matan duwatsun Mandara waɗanda suke gina mana randa da tulu har wa yau.

An haifi Ladi wajen 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gwari, wato Gbagyi. A can ginin tukwane aikin mata ne. Ta koya tun tana yarinya a hannun wata daga cikin iyayenta mata. Ba inji, ba tanderu. Akan murza yumɓu kamar igiya, a ɗora wani bisa wani, maginiya tana zagaya tukunyar tana shafewa har ta tashi. Kafin ta bushe sai a zana mata ado da tsinke ko wuƙa. Ladi takan zana kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da maciji, da kifi, kowanne cikin gidansa tsakanin layuka. Sa'an nan a tara itace da ciyawa a fili a gasa. Randar da ta fito daga wutar nan ba ta da nauyi, tana kuma tsatsafo, shi ya sa ruwan cikinta yake yin sanyi ko da bazara.

Hannun Ladi ya fita dabam, har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa. Abujan nan ita ce garin da ake kira Suleja yanzu, bayan an ba sabon babban birnin Najeriya sunan. A fadar ne wani Bature mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikinta.

A nan sai mu ɗan ratse zuwa Japan, domin daga can ne tunanin da Cardew ya zo da shi ya samo tushe. Maigidansa a sana'a, Bernard Leach, ya koyi ginin tangaran a Japan. A 1920 ya koma Ingila tare da abokinsa Hamada Shoji, suka kafa wurin gini a garin St Ives, Cardew kuwa ya zama almajiri a wurin a 1923. Leach da Hamada abokan Yanagi Soetsu ne, mutumin da ya koyar cewa kyau na gaskiya yana cikin kayan amfanin yau da kullum, irin waɗanda talaka yake yi da hannunsa ba tare da ya sa sunansa ba. Saboda haka da Cardew ya ga randar Gwari, bai raina ta ba. Ya ga abin da malamansa suke yabo.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ba Cardew aikin kyautata ginin tukwane a Najeriya, ya buɗe makarantar koyon sana'ar a Abuja. Da fari maza kaɗai aka ɗauka. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta fari. Ta koyi juya yumɓu a kan faifan da ake tukawa da ƙafa, ta koyi shafa ruwan ƙyalli, da gashi cikin tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200. Ta yi kwanuka da faranti da kofuna irin na teburin Turawa, amma ta bi su da zanen dabbobin Kwali.

Abin da ya ɗaukaka ta kuwa shi ne, ba ta bar randa ba. Ta ci gaba da gina ta da hannu yadda aka koya mata a gida, sai dai da sabon yumɓu mai jure wuta. Takan cika zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli a bisa, kunama da kada su riƙa haskakawa daga ƙarƙashi. Siffar ta Gwari ce, wutar ta baƙi ce. Aka nuna aikin makarantar a Landan a 1958 da 1959 da 1962, tukwanen Ladi suka fi jan ido. A 1962 ta je Ingila ta yi gini a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew. Waɗanda suka saba da inji suka tsaya suna kallon mace tana zagaya yumɓu, tukunya tana tashi daidai wa daida.

Amma kowace riba da hasararta. Randar da aka shafa wa ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani ta yi nauyi, ba ta kuma tsatsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Kuɗinta kuma ya fi ƙarfin matar ƙauye. Ta tashi daga gindin bishiya a tsakar gida, ta koma ɗakin ajiyar kayan tarihi da falon masu hali. Dubi yadda al'amarin ya juya. Tunanin da ya taso daga Japan yana yabon maginin da ba a san sunansa ba, da tukunyar da ake amfani da ita. Ga shi ya iso Abuja ya fitar da maginiya wadda duniya ta san sunanta, wadda take buga haruffan LK a jikin aikinta, da randar da ba a zuba mata ruwa.

Ko wannan laifi ne? Ni dai ban ga haka ba. Kafin Ladi, ana ganin ginin tukwane aikin matan ƙauye ne kawai, wanda bai isa a kula da shi ba. Bayanta waɗansu mata suka shiga makarantar, kamar Halima Audu da Asibi Ido. Cardew ya bar Abuja a 1965, ita kuwa ta zauna tana aiki tana koyarwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ko da yake ba ta yi karatun boko ba. A 1980 gwamnatin Najeriya ta ba ta babbar lambar yabo ta masu ilimi da fasaha. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984, makarantar kuma tana ɗauke da sunanta.

In ka jera aikinta na ƙuruciya da na tsufa, za ka ga yumɓu ya sāke, wuta ta sāke, masu saye sun sāke. Wuyan randar da cikinta da ƙadangaren da yake jikinta suna nan yadda suke. Ta karɓi abin da baƙo ya kawo, ba ta ba shi hannunta ba.

Yau jarka da bokitin roba sun cika gidajenmu, 'yan mata da yawa a wajen Mokolo kuma ba su son taɓa yumɓun iyayensu. Ba kowace maginiya ce za ta je Landan ba, ba kuma lalle ne ta je ba. Amma sa'ad da muka tsaya taya randa a kasuwa, ya kamata mu tuna irin hannun da ya gina ta, mu biya ta da daraja. Randarmu har yanzu tana yin abin da ta Landan ta kāsa, tana ba mai ƙishi ruwan sanyi.