BABI NA UKU: TARIHIN BOREN MASU AMFANI DA INTANET A KAN KARKATAR DA ADIRESHIN DA AKA RUBUTA DA KUSKURE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda intanet ta shigo ƙasar Hausa da kuma irin karɓuwar da ta samu. Wannan babi kuwa zai mayar da hankali ne a kan wata taƙaddama da ta auku a shekarar 2003, lokacin da kamfanin VeriSign na ƙasar Amurka ya fara karkatar da duk wanda ya yi kuskure wajen rubuta adireshin intanet zuwa wani shafi nasa na bincike da tallace-tallace. Za a duba yadda abin ya samo asali, da dalilan da suka sa jama'a suka yi masa bore, da yadda aka ƙare. Daga ƙarshe za a dubi dangantakar al'amarin da mai amfani da intanet a unguwa irin Tudun Wada ta birnin Sakkwato.

3.1 Yadda Ake Gano Adireshi a Intanet

Kafin a fahimci taƙaddamar, ya kamata a san yadda kwamfuta take gano wurin da aka aike ta. Haƙiƙa kwamfutoci da lambobi suke sanin junansu. Da yake riƙe jerin lambobi a ka yana da wuya ga ɗan'adam, sai wani masani mai suna Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin sunaye a shekarar 1983, wanda ake taƙaita sunansa da DNS. Aikin wannan tsari shi ne ya karɓi suna ya mayar da lamba. Idan mutum ya rubuta adireshi, kwamfutarsa takan tambayi kundin rajistar sunaye, shi kuma kundin ya ba da ɗaya daga cikin amsoshi biyu: ko dai ya ba da lambar, ko kuma ya ce babu wannan suna.

Wannan amsa ta “babu” ita ce ginshiƙin al'amarin. Ana iya kwatanta ta da baƙon da ya sauka a Tudun Wada yana cigiyar gidan wani mutum. Idan mai unguwa ya ce masa babu mai wannan suna a nan, to ya taimake shi, domin baƙon zai gane cewa an yi masa kuskuren kwatance, ya sake tambaya. Amma idan aka kama hannunsa aka kai shi shagon wani ɗan kasuwa da ya biya la'ada, an ɓata masa lokaci, kuma an ci riba da ɓatansa.

3.2 Masu Riƙe da Kundin Rajista

A farkon al'amari wani masani a Jami'ar Kudancin Kalifoniya mai suna Jon Postel shi ne yake kula da rabon sunaye da lambobi. A shekarar 1993 gwamnatin Amurka ta ba kamfanin Network Solutions aikin rajistar sunayen da suke ƙarewa da .com da .net da .org. Daga shekarar 1995 kamfanin ya fara karɓar dala 100 a kan kowane suna na tsawon shekara biyu. Ganin yadda harkar ta zama hanyar samun kuɗi, sai aka kafa hukumar ICANN a shekarar 1998 domin ta sa ido a kan tsarin. A shekarar 2000 kamfanin VeriSign ya sayi Network Solutions a kan hannun jarin da ya kai kimanin dala biliyan 21. Ta wannan hanya ce kundin .com da na .net suka koma hannunsa.

Abin lura a nan shi ne, kundin .com guda ɗaya ne tak a duniya. Mai amfani da intanet yana iya sauya kamfanin da yake ba shi layi, yana iya sauya manhajar da yake buɗe shafuka da ita, amma ba ya iya sauya kundin rajista. Saboda haka masana da yawa suke kallon riƙon kundin a matsayin amana da aka danƙa wa kamfanin.

3.3 Ɓullowar Site Finder

A ranar 15 ga watan Satumba na shekarar 2003, VeriSign ya shigar da wani umurni a cikin kundin .com da na .net. Umurnin ya tanadi cewa duk sunan da ba a yi wa rajista ba, a daina ba da amsar “babu”, a ba da lambar wata kwamfuta ta kamfanin. Wanda ya tsallake harafi ko ya sauya wani da wani, sai ya tsinci kansa a shafin da aka raɗa wa suna Site Finder. Shafin yakan nuna sunayen da suka yi kama da wanda aka rubuta, da wurin bincike, da kuma jerin tallace-tallacen da kamfanoni suka biya kuɗi a kansu. Kamfanin ya yi wannan canji ba tare da ya nemi iznin ICANN ba, kuma ba tare da ya shawarci masu gudanar da hanyoyin sadarwa ba.

VeriSign ya kare kansa da hujjoji guda uku. Na farko, ya ce shafin ya fi saƙon kuskure amfani ga talakan da bai ƙware ba. Na biyu, ya ce kamfanonin Microsoft da AOL sun riga sun daɗe suna karkatar da irin wannan kuskure a cikin manhajojinsu. Na uku, ya ce akwai wasu ƙananan kundaye, irin su .museum da .cc, da suke yin haka ba wanda ya tanka musu.

3.4 Dalilan Boren

Ba a kwana biyu ba sai ƙorafi ya taso daga sassa daban-daban na duniya. Ana iya taƙaita dalilan kamar haka:

Dalili na farko ya shafi wasiƙun imel. Kundin rajista ba ya bambance tambayar mai neman shafi da ta mai aika wasiƙa. A da, wasiƙar da aka yi kuskuren adireshinta takan komo wa mai ita nan take. Bayan canjin sai ta fara isa kwamfutar VeriSign kafin a ƙi karɓarta, wato adireshin mai aikawa da na wanda ake aika wa sun riga sun ratsa hannun da ba a yi nufi ba.

Dalili na biyu shi ne lalacewar matatun da suke tace wasiƙun banza. Da yawa daga cikinsu sukan bincika ko sunan da wasiƙa ta fito daga gare shi yana da rajista. Tun da kowane suna na ƙarya ya zama yana da amsa, sai wannan hanya ta tacewa ta daina aiki.

Dalili na uku ya shafi harshe da kuɗi. Shafin da Ingilishi kawai aka rubuta shi, alhali a da manhaja takan nuna saƙon kuskure da harshen mai ita. Bugu da ƙari, saukar da shafi sukutum ya fi cin lokaci a kan gajeren saƙo, wanda hakan nauyi ne a kan masu layi mai rauni.

Dalili na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne batun zaɓi da amana. Abin da Microsoft yake yi yana tsayawa ne a kan kwamfutar wanda ya zaɓi manhajarsa. Na VeriSign kuwa ya hau kan kowa da kowa, ko yana so ko ba ya so. Har wa yau, kamfanonin da suke gasa da shi sun ga cewa ya yi amfani da matsayinsa ya mallake duk sunayen da ba su da rajista kyauta. A kan haka ne kamfanonin Popular Enterprises da Go Daddy suka shigar da ƙara a kotu.

3.5 Matakan da Aka Ɗauka

Masu gudanar da hanyoyin sadarwa ba su jira hukuma ba. Cikin kwanaki kaɗan ƙungiyar ISC, wadda Paul Vixie yake jagoranta a lokacin, kuma wadda take kula da manhajar BIND da mafi yawan kwamfutocin neman suna suke aiki da ita a wancan lokaci, ta fitar da wani gyara. Gyaran yakan yi watsi da amsar da VeriSign ya ƙirƙira, ya mayar da amsar “babu”. Wasu kuma suka toshe lambar shafin kai tsaye. Wannan mataki ya rage wa kamfanin masu ziyara, amma ya haifar da wata damuwa, domin tambaya ɗaya ta koma tana samun amsa daban-daban gwargwadon layin da mutum yake kai.

A ranar 19 ga Satumba ICANN ta roƙi kamfanin ya dakatar da aikin don raɗin kansa, amma ya ƙi. Da matsin lamba ya yi yawa, sai shugaban hukumar, Paul Twomey, ya aika da takardar umurni a ranar 3 ga Oktoba, inda ya ba kamfanin wa'adi zuwa washegari, in ba haka ba a bi da shi ta sharuɗɗan yarjejeniyar da ke tsakaninsu. A ranar 4 ga Oktoba, 2003, VeriSign ya janye umurnin. Ke nan Site Finder bai cika mako uku ba. Hausawa kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

3.6 Shari'a da Sulhu

Janyewar ba ta kawo ƙarshen rikicin ba. A watan Fabrairu na 2004 VeriSign ya maka ICANN a kotun tarayya da ke Kalifoniya, yana zargin ta da wuce gona da iri da hana shi kasuwanci. A watan Yuli na wannan shekara kwamitin tsaro na ICANN, ƙarƙashin Steve Crocker, ya fitar da rahoton da ya nuna cewa karkatarwar ta saɓa wa ƙa'idojin da aka gina tsarin a kansu. A watan Agusta kotu ta kori ɓangaren ƙarar da ya shafi babakere, sai kamfanin ya koma kotun jiha. Daga bisani aka sasanta, kuma ICANN ta amince da sulhun a watan Fabrairu na 2006. Sulhun ya wajabta wa kamfanin ya gabatar da duk wani sabon aiki a tantance kafin ya fara. A ɗaya ɓangaren kuma ya bar masa riƙon .com, tare da damar ƙara farashi da kashi 7 cikin ɗari a shekara huɗu daga cikin shida. Wannan ya sa wasu suka ɗauka cewa kamfanin bai fita da asara ba.

3.7 Abin da Ya Biyo Baya

Dabarar cin riba da kuskure ta sake ɓulla a wasu wurare. A shekarar 2006 masu riƙe da kundin .cm na ƙasar Kamaru, maƙwabciyar Nijeriya, suka shigar da irin wannan umurni. Da yake harafi ɗaya ne ya raba .cm da .com, wanda ya manta harafin “o” yakan faɗa shafin talla. A Amurka kuwa kamfanonin da suke ba da layi ne suka gaji dabarar: EarthLink ya fara a 2006, Comcast kuma a 2009. A shekarar 2008 mai bincike Dan Kaminsky ya nuna cewa ɓarayin intanet suna iya fakewa da irin waɗannan shafuka su yaudari jama'a. A watan Yuni na 2009 ICANN ta haramta karkatarwa a duk sababbin kundayen da za ta ba da. Shi kuma Comcast ya daina a shekarar 2012, domin aikin bai dace da sabon tsarin DNSSEC ba, wanda yake sa hatimi a kan kowace amsa don a gane ta jabu.

3.8 Dangantakar Al'amarin da Nijeriya

A shekarar 2003 shekara biyu ke nan da fara wayar salula ta GSM a Nijeriya, kuma mafi yawan masu shiga intanet a birane irin Sakkwato a shagunan haya suke shiga, inda ake biya gwargwadon lokaci, kuma kwamfutoci da dama suna raba layi ɗaya. Ga ɗalibin da ya fito daga Tudun Wada ya sayi awa ɗaya, kowane shafin da bai nema ba ragi ne daga abin da ya biya. Haka nan kuma wanda Ingilishi ba harshensa na gado ba ne ya fi saurin kuskuren harafi, kuma ya fi shan wahalar bambance talla da amsar gaskiya. Duk da haka, a wajen irin waɗannan mutane aka yanke shawarar. Waɗanda suka tilasta wa VeriSign janyewa ƙwararru ne masu ikon gyara manhaja da masu kuɗin zuwa kotu.

A daidai wannan lokaci Nijeriya ma tana fama da nata saɓanin a kan wanda ya cancanci ya riƙe kundin .ng. A shekarar 2004 aka miƙa shi ga hukumar NITDA, sannan a 2005 aka kafa ƙungiyar NiRA domin ta gudanar da shi a madadin al'umma. Tambayar da ta taso a gida ita ce wadda ta taso a Amurka, wato wane ne zai riƙe kundin, kuma wa zai tsawata masa idan ya karkace.

3.9 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an ga yadda kamfanin da aka ba amanar kundin .com da .net ya yi yunƙurin mayar da kuskuren jama'a haja a shekarar 2003, da yadda boren masu amfani da intanet ya sa ya janye cikin ƙasa da mako uku. An kuma ga cewa amsar “babu”, duk da ƙanƙantarta, wasiƙu da matatu da sauran ayyuka da yawa sun dogara a kanta. Haka kuma an lura cewa nasarar ta samu ne saboda akwai masu ilimin da za su toshe ɓarnar da hukumar da za ta yi umurni. A babi na gaba za a duba tarihin kundin .ng da matsayin harshen Hausa a cikinsa.