Tarihin Dutsen Shaho: Yadda Mahallaka Ta Zama Hurumi

A gabashin jihar Fensilbeniya ta ƙasar Amurka akwai wani dogon tsauni mai suna Kittatinny, wanda Allah cikin hikimarsa ya shimfiɗa a kan hanyar da shaho da gaggafa da danginsu suke bi kowace shekara, idan kaka ta yi, sanyi ya fara sauka a arewa, suka nufi ƙasashen ɗumi na kudu. Sababin bin wannan hanya kuwa shi ne, iska idan ta taso daga arewa maso yamma ta bugi ƙirjin tsaunin sai ta yi sama, tsuntsu ya shimfiɗa fukafukansa a kanta, ta ɗauke shi tafiya mai nisa ba tare da wahala ba, har wani sa'in ya gifta daf da kan mutumin da ke zaune bisa duwatsu.

Wannan kusanci shi ya zame musu ibtila'i. A zamanin da, manoma da maharba sun yi ittifaƙi a kan cewa shaho ɓarawon kaji ne kawai, kashe shi kuma aikin alheri ne, hukuma ma ta ƙarfafa musu gwiwa, domin a 1929 hukumar farauta ta jihar ta yanka ladan dala 5 ga duk wanda ya harbo wani nau'in babban shaho. Saboda haka sai maharba suka riƙa hawa wani sashen tsaunin da ake kira Dutsen Shaho da bindigoginsu, suna ɓarin wuta a kan duk abin da ya gifta, ba ruwansu da wanda aka sa wa lada da wanda ba a sa wa ba. A 1932 wani saurayi ma'abocin nazarin tsuntsaye, Richard Pough, ya gangara cikin dajin da ke ƙarƙashin dutsen, ya tsinto gawawwakin da aka bari suna ruɓewa, ya jera su sahu-sahu a ƙasa, ya ɗauke su hoto.

Hotunan nan suka kai ga idon Rosalie Edge, wata mata mai himma daga birnin Niyok, wadda maimakon ta tsaya ga takaici, sai a 1934 ta karɓi hayar eka 1,400 na wurin, ta haramta harbi a cikinsa, sa'an nan ta ɗauko Maurice Broun da matarsa Irma domin su tsare shi. Irma ta kan tsaya a bakin hanya tana mayar da maharba, mijinta kuwa yana can ƙololuwa da madubin hangen nesa da littafinsa, yana rubuta kowane tsuntsu da nau'insa da sa'ar wucewarsa. A 1935 aka buɗe wurin ga masu ziyara, a 1938 kuma aka kafa ƙungiyar da ke riƙe da shi har yau, ya zama hurumi na farko a duniya da aka keɓe domin tsuntsaye masu farauta.

Ƙidayar da Broun ya fara ba ta yanke ba, sai a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu daga 1943 zuwa 1945, ana kuma yin ta daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Disamba. Fa'idarta ta bayyana ne ta inda ba a zata ba, gama da wata marubuciya, Rachel Carson, ta zo wallafa littafinta Silent Spring a 1962, daga cikin hujjojin da ta kafa a kan illar maganin ƙwari na DDT akwai kundin wannan dutse, wanda ya nuna ƙarara cewa 'ya'yan gaggafa da ke wucewa suna ta raguwa. Bincike ya tabbatar daga baya cewa maganin yana sa ɓawon ƙwai ya yi rauni har ya fashe a ƙarƙashin uwa. A 1972 Amurka ta hana amfani da shi a gonaki, sannu a hankali kuma yawan gaggafa ya dawo.

Lalle ne mai karatu ya lura cewa waɗanda suka zauna bisa duwatsu cikin sanyi suna rubuta lissafi ba su san ranar da za a bukace shi ba. Da ba su dawwama a kan aikin shekara da shekaru ba, da wannan shaida ba ta samu ba a ranar da aka neme ta.