Satiru: Garin da Aka Shafe da Umarni daga Zungeru

Mai tafiya Zungeru a yau zai ga kufan gidan gwamna da maƙabartar Turawa. Daga nan Lugga ya mulki Arewa tun 1902, kuma daga nan aka aika umarnin da ya shafe wani ƙauye mai suna Satiru, wanda ke kudu da birnin Sakkwato, tafiyar da ba ta kai yini ba.

Talakawa ne suka cika Satiru, da bayin da suka gudo daga gandayen sarakuna, da malamai masu jiran bayyanar Mahadi. Shugabansu Malam Isa ne. Sai ga wani makaho mai wa'azi, Ɗan Makaho, ya iso daga yankin Doso bayan Faransawa sun murƙushe boren da ya tayar a can. Zuwansa ya ƙara wa wutar iska.

Ranar 14 ga Fabrairu 1906, Hilari, mai riƙon muƙamin Razdan na Sakkwato, ya nufi garin da sojojin doki, yana zaton kamun malami ɗaya zai yi ya dawo. Mutanen gari suka far musu da gatura da fartanya da kwari da baka. Aka kashe Hilari da Turawa biyu da sojoji fiye da 20, aka kuma ƙwace bindiga mai jigida. Shekara uku kacal ke nan da faɗuwar Sakkwato, don haka labarin ya girgiza Zungeru, musamman da yake yawancin sojoji suna can ƙasar Tibi ana wani yaƙin. Lugga ya kira su da gaggawa.

Abin da ya faru ranar 10 ga Maris ba yaƙi ba ne, kisan kiyashi ne. Rundunar Manjo Gudwin ta buɗe wuta, dawaki suka bi masu gudu har cikin daji. Kimanin mutum 2,000 suka mutu, aka kwashe dubban mata da yara, aka ƙone garin ƙurmus. Ɗan Makaho kuwa a Sakkwato aka yanke masa hukuncin kisa. Har a Landan sai da Winston Churchill, wanda ke ofishin kula da ƙasashen mallaka, ya nuna ƙyamar yawan jinin.

Ba Turawa kaɗai ke da hannu ba, kuma wannan ne ya sa zancen ya daɗe yana da nauyin faɗi. Fadar Sakkwato ta mara musu baya, domin boren bayi barazana ce ga masu gandu. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya tsine wa duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Tsinuwar ce ta tsare kufan, ita ce kuma ta hana a raya shi.