Ramuwar Gayya a Finafinan Tamil da Karɓuwarsu a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda finafinan ɗaukar fansa na harshen Tamil suka iso ƙasar Hausa, da auna jigonsu a kan ma'aunin tarihi da adabin da mutanen Daura suka gada.

Asalin Jigon

Cibiyar finafinan Tamil tana unguwar Kodambakkam ta birnin Madras, wanda yanzu ake kira Chennai, a kudancin Indiya. Fim na farko mai magana a wannan harshe, wato Kalidas, ya fito a 1931. Tun da wuri sana'ar ta cuɗanya da siyasa. Jam'iyyar DMK da aka kafa a 1949 ta mai da silima dandalin sukar fifikon asali da danniyar masu hali, kamar yadda aka gani a Parasakthi (1952) wanda M. Karunanidhi ya rubuta. Shi kuwa M.G. Ramachandran, fitowarsa a matsayin gatan talaka ita ta share masa hanyar zama babban ministan jihar Tamil Nadu daga 1977 zuwa 1987.

Daga wannan tushe ne jigon ramuwa ya tsiro. A Apoorva Sagodharargal (1989), ɗa ne ke bin kadin jinin mahaifinsa ɗan sanda. A Ghajini (2005), mutumin da ya rasa ƙarfin tunawa ne ke farautar wanda ya kashe masoyiyarsa. A Asuran (2019), rikicin gona da wariyar asali ne suka jawo zubar da jini. Ginin duk ɗaya ne: an yi zalunci, hukuma ta gaza ko ta haɗa baki da azzalumi, sai wanda aka zalunta ya zama alƙalin kansa.

Isowarsu Ƙasar Hausa

A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da finafinan Indiya. Amma na harshen Hindi ne daga Bombay. Ta bakinsu Bahaushe ya fara sanin ramuwar gayya irin ta Indiya, musamman a Zanjeer (1973) da Sholay (1975). Brian Larkin ya nuna yadda 'yan kallo suka laƙaba wa taurari sunayen Hausa, har Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Sai dai da aka fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, abin da aka fi ara daga Indiya shi ne soyayya da waƙa, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya bayyana.

Finafinan kudancin Indiya ba su samu gindin zama ba sai a shekarun 2010, lokacin da kamfanoni irin su Algaita a Kano suka shiga ɗora musu muryoyin Hausa. Wannan ya kawar da shingen harshe. Garuruwa irin su Daura suka riƙa samunsu, da fari a faifai, daga bisani a shagunan tura finafinai a waya. Ɗan kallo ba ya bambanta na Tamil da na Telugu. Duk sunansu Indiya-Hausa.

Ma'aunin Daura

A nan ya kamata a waiwayi labarin kafuwar Daura. Macijiya ta hana mutane ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, Bayajidda ya zo ya kashe ta. To, amma ba fansa ya ɗauka ba, domin ba ta yi masa laifin jini ba. Cuta ya kawar wa jama'a. Bugu da ƙari, labarin bai ƙare a bakin rijiya ba. An kai magana fada, an bincika wanda ya yi aikin, sannan Sarauniya Daurama ta saka masa. Ke nan jaruntaka ba ta cika sai hukuma ta tabbatar da ita.

Haka abin yake a shari'ar Musulunci da masarautar ta daɗe a kanta. Magadan wanda aka kashe suna da haƙƙin ƙisasi ko diyya ko yafewa, amma zartar da hukunci na alƙali ne. Rubutaccen adabi ma bai kauce ba. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, Abubakar ya rama ƙwace masa Zainabu da Malam Shehu ya yi, amma ramuwar ta faɗa kan yaron da bai ji ba bai gani ba, shi kuma bai mori komai ba.

Kammalawa

Duk da haka, Bahaushe yana cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, alamar cewa ya san daɗinta. Abin da ya sa waɗannan finafinai suka shiga ran matasa shi ne sun zo a zamanin da fashin daji da garkuwa da mutane suka addabi sassan Jihar Katsina, talaka kuma yana ganin ƙara ba ta kai shi ko'ina. Saurayin da ke tafa wa gogan fim ba jini yake sha'awa ba, adalcin da ya yi masa nisa yake hange. Saboda haka aikin da ke gaban malamai da manazarta ba tsinuwa ba ne. Ya dace a ɗora waɗannan finafinai kusa da Jiki Magayi a aji, a tambayi ɗalibi wanda ya cancanci yanke hukunci, da abin da ke samun al'umma idan kowa ya zama alƙalin kansa.