Faifan da aka naɗa cikin rana guda: Black Sabbath, 1970

Ranar Jumma'a 13 ga Fabrairu 1970, kamfanin Vertigo ya fitar da wani faifai a Ingila mai suna Black Sabbath, sunan ƙungiyar da ta yi shi. Yau masana tarihin kiɗa da dama suna ɗaukar wannan faifai a matsayin mafarin salon da ake kira heavy metal, wato kiɗan ƙarfe mai nauyi.

Samari huɗu ne suka yi shi, dukansu ƴaƴan ma'aikata daga birnin Birmingham: Ozzy Osbourne mai waƙa, Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar amo mai kauri, da Bill Ward mai ganguna. Unguwarsu, Aston, unguwa ce ta masana'antu da hayaƙi, wadda bama-baman yaƙin duniya na biyu suka bar wa tabo. Sun haɗu a 1968 suna kaɗa blues, kiɗan baƙar fatar Amurka, ƙarƙashin sunan Earth. A 1969, da suka gano akwai wata ƙungiya mai wannan suna, sai suka ari sunan wani fim na ban tsoro da Mario Bava ya shirya a 1963.

Labarin Iommi ya cancanci kulawa. Yana da shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe ta aiki a wata masana'antar ƙarfe, inji ya datse masa kawunan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. Shugabansa na wurin aiki ya sa masa faifan Django Reinhardt, mai jitar nan na Faransa wanda gobara ta lalata wa yatsu biyu a 1928 amma bai daina kiɗa ba. Iommi ya narkar da kwalbar roba, ya ƙera wa yatsunsa hula, ya lulluɓe da fata, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi. Larura ta canza masa hannu, hannun kuma ya haifi sabon amo.

A ƙarshen 1969 suka shiga ɗakin naɗar sauti na Regent Sound a Landan, tare da mai shirya faifai Rodger Bain. Kuɗinsu kaɗan ne, don haka cikin rana guda suka kaɗa waƙoƙin kusan kamar yadda suke yi gaban jama'a. Faifan yana buɗewa da ƙarar ruwan sama, da tsawa, da ƙararrawar coci, sannan jita ta shigo a hankali da wata tazarar amo da Turawan da suka laƙaba wa sunan Shaiɗan.

Wannan duhu ya jawo musu zargin bautar Iblis, musamman da kamfanin ya sa hoton gicciye a kife cikin bangon faifan. Amma Butler, wanda ya rubuta yawancin baitocin ƙungiyar, ya tashi ne a gidan Katolika, kuma waƙar farko labari ce na mutum da tsoro ya kama yana neman Allah ya cece shi. Masu sharhi sun yi wa faifan kaca-kaca, cikinsu har da Lester Bangs a mujallar Rolling Stone. Matasa ba su saurare su ba: faifan ya kai matsayi na 8 a Ingila, na 23 a Amurka. A watan Satumba na wannan shekara, faifansu na biyu, Paranoid, ya fito, kuma ya hau matsayi na ɗaya a Ingila.

Ranar 5 ga Yuli 2025 mutanen huɗu suka yi wasansu na ban kwana a filin ƙwallo na Villa Park, cikin Aston ɗin da suka taso. Ranar 22 ga wannan wata Osbourne ya mutu yana da shekara 76. Ko kiɗan ya yi wa kunnenmu daɗi ko bai yi ba, ga abin lura gare mu malamai da ƙungiyoyin al'adu: masu ilimin sharhi sun raina shi, ƴaƴan talakawa suka riƙe shi, kuma hukuncinsu ne tarihi ya tabbatar.