Bututun iska mai sanyi a motar turbo: yadda yake aiki da abin da ya kamata a sani kafin a saka shi

Bututun iska mai sanyi kayan ƙari ne da ake saye daban, a cire akwatin matatar iska da kamfani ya ƙero mota da shi, a saka wannan a gurbinsa. Masu sayar da shi na cewa yana ƙara wa inji ƙarfi kuma yana gyara ƙararsa. A motar da ke da turbo, ƙarin ƙarfin da ake samu ba ya da yawa idan ba a taɓa wani abu dabam ba. A ƙasa mai ƙura da zafi irin Nijar kuwa, matatar da aka zaɓa ce za ta nuna ko turbo da injin za su yi ƙarko ko za su mutu da wuri.

Abin da ya ƙunsa

Kayan yakan zo kashi uku. Akwai bututu mai faɗi na alminiyam ko na roba mai tauri, wanda cikinsa sumul yake, babu lanƙwasa da yawa. Akwai matata mai siffar mazurari, wadda makanikai ke kira filtir. Sai kuma faranti ko akwati da ke raba matatar da zafin inji. Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a sun haɗa da K&N da AEM da Injen, dukansu na Amurka. Akwai kuma kwaikwayonsu masu araha da ba su da suna, waɗanda ake samu a kasuwannin kayan mota.

Iri biyu aka fi gani. Na farko gajere ne, matatarsa na zaune a buɗe cikin kapo kusa da inji. Na biyu dogo ne, yana kai matatar ƙasa, kusa da tayar gaba, inda iskar waje ke shigowa. Na biyun ne ya cancanci sunan, domin gajeren sau da yawa iskar da inji ya riga ya gasa yake zuƙa. A cunkoson gari, zafin cikin kapo kan haura digiri 60.

Dalilin neman iska mai sanyi

Inji yana ƙona mai ne da iskar oksijin, wadda ita ce kusan kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. Injin man fetur na buƙatar kimanin kilo 14,7 na iska domin ya ƙone kilo 1 na mai. Iska idan ta yi zafi sai ta buɗe, nauyinta ya ragu. Duk ƙarin digiri 10 na rage mata kusan kashi 3 cikin 100 na nauyi. Iskar digiri 45, irin ta tsakar ranar bazara a Tawa ko Yamai, ta fi ta digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 8 cikin 100. Shi ya sa direbobi ke jin mota ta fi kuzari da asubar hunturu, ta yi nauyi da azahar ɗin watan Afrilu.

Sai dai bututun ba ya sanyaya iska. Iyakacin aikinsa ya ɗauko ta daga wajen kapo. Idan a waje digiri 43 ne, iskar digiri 43 zai kawo. Akasarin motocin zamani kuma akwatinsu na kamfani daga gaban mota yake jan iska tun asali.

Abin da turbo ke canzawa

Injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar fasahar turbo a 1905. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata farfela, ita kuma ta juya wata ta biyu da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda ke matsa iska tana tura wa inji. Farfelar kan juya sama da sau dubu 100 a minti guda, ƙananan turbo ma sukan haura dubu 200.

Matsa iska yana dumama ta. Iskar da ta shiga turbo da digiri 40, idan aka ninka matsinta sau biyu, takan fito da zafin da ya haura digiri 120. Saboda haka ake saka na'urar sanyaya iska tsakanin turbo da inji, mai kama da ƙaramin radiyato, galibi a gaban mota. Ita ce ke yin babban aikin sanyayawa. Idan, alal misali, tana cire kashi 70 cikin 100 na zafin da ya ɗara na waje, to digiri 10 da aka rage a bakin matata zai koma kamar digiri 4 a ƙofar inji.

Abu na biyu shi ne kwamfutar mota. A injinan zamani ita ce ke tsara matsin da turbo zai bayar da yawan man da za a fesa. Idan ta samu iskar da take nema, ba ta ƙarawa ko da hanya ta buɗe. A injin gazuwal kuwa, kamar na Toyota Hilux mai lita 2,5 ko 2,8, ko Peugeot HDi, ko Mercedes CDI, yawan man da aka fesa ne ke kawo ƙarfi, iska dama rara take yi.

Abin da ake iya samu shi ne turbo ya ɗan huta wajen zuƙa, ya tashi da sauri kaɗan idan an taka mai. Abin da direba ya fi lura da shi ƙara ce: fitar turbo da hucin iska idan an ɗaga ƙafa, waɗanda akwatin kamfani ke dannewa. Mutane da yawa wannan ƙarar suke ɗauka a matsayin ƙarin gudu. Amfanin gaske yakan bayyana ne a motar da aka sake wa tsarin kwamfuta ko aka saka wa turbo mafi girma, har akwatin kamfani ya zame mata ƙunci.

Matsalar ƙura

Injin lita 2 da ke juyi dubu 3 a minti, turbo na ninka masa iska, yana haɗiyar kusan lita dubu 6 na iska kowane minti. Duk ƙurar da ke cikin wannan iskar, matata ce kaɗai ke tsakaninta da inji. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda ke cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya, ta baza ta a kan Damagaram da Maraɗi har zuwa Yamai. Ga kuma ƙurar hanyoyin jar ƙasa da ke akwai duk rani.

Ƙwayar yashi ta fi alminiyam tauri, kuma da alminiyam ake ƙera farfelar da ke matsa iska. Ƙurar da ta wuce matata tana cin bakin fikafikan farfelar a hankali, har ta rasa daidaito ta lalata sandarta. Wadda ta ƙarasa ciki tana goge bangon silinda da zobban fistan, ta gauraya da man inji. Alamun sukan zo bayan watanni: inji na shan mai, shuɗin hayaƙi, raguwar ƙarfi.

Matatar kamfani da takarda ta musamman ake yin ta, mai ninki da yawa. Yawancin matatun bututun ƙari kuwa auduga ce da aka jiƙa da wani mai, aka sa tsakanin ragar waya, ko kuma soso. Suna barin iska ta wuce cikin sauƙi saboda ramukansu sun fi faɗi, man ne ke kama ƙura. Idan man ya bushe ko aka wanke ba a sake shafawa daidai ba, kariyar ta ragu sosai. Lissafin a nan mai sauƙi ne: matatar da ke tare kashi 99 cikin 100 na ƙura tana barin ninki goma na abin da mai tare kashi 99,9 ke bari. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na gwajin matatun iska shi ne ISO 5011. Kamfanin kirki yakan bayyana sakamakonsa, kwaikwayo ba ya da abin nunawa.

Na'urar auna iska

Motoci da yawa na da na'urar auna iska a bayan matata, wadda a gareji ake kira debimetir. Siririyar waya ce mai zafi da iska ke bi ta kanta, kuma an daidaita ta da faɗin bututun kamfani. Idan sabon bututu ya fi faɗi, sai ta ba kwamfuta lissafin da bai kai gaskiya ba, man ya yi kaɗan, fitilar gargaɗin inji ta kunnu. Lambobin da na'urar bincike ta fi nunawa a irin wannan hali su ne P0101 da P0171. A injin fetur mai turbo, ƙarancin mai lokacin da aka matsa wa mota na iya ƙona fistan. Man matata idan ya yi yawa shi ma yakan shafe wayar ya ɓata awonta.

Ruwan damana

Dogon bututu yana ajiye matata ƙasa da inda kamfani ya sa ta. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ke kwanciya a titunan birane kuma ƙoramu ke tsallaka hanya, wannan babban haɗari ne. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Ko kofi ɗaya ya shiga silinda inji na gudu, yana iya lanƙwasa sandar fistan ko ya fasa inji. Injin gazuwal ya fi saurin lalacewa da haka saboda matsinsa ya fi ƙarfi.

Bututun da ke hawa sama

Akwai wani iri da ya fi dacewa da hanyoyin karkara da na hamada, shi ne bututun da ke bin gefen gilashin gaba ya tsaya daidai rufin mota, kamar yadda ake gani a Land Cruiser da Hilux masu zirga-zirga tsakanin Tawa da Agadas. Yana jan iska daga sama, nesa da ƙurar taya da zafin kwalta da ruwa, kuma yana shiga cikin akwatin kamfani ne, matatar takarda na nan a wurinta. Wasu suna da kwano a kai wanda ke juya iska ya ware yashi kafin ta isa matata. Ba ya ƙara gudu, amma yana tsawaita rayuwar matata da inji, muddin an toshe mahaɗansa da kyau.

Kafin a saka

Wanda ya yanke shawarar sakawa ya nemi kayan da aka ƙera wa samfurin motarsa da injinta, mai rufaffen akwati, wanda gurbin na'urar auna iska ya yi daidai da na asali. Busasshiyar matata ta fi mai jiƙon mai sauƙin kulawa. A mayar da duk ƙananan tiyo da ke haɗe da tsohon bututu, a ɗaure kowace mahaɗa sosai, domin ƙaramar kafa a bayan matata na shigar da ƙurar da ba a tace ba. Bayan mako biyu ko uku a kwance bututun a shafa farin ƙyalle a cikinsa. Idan ya ɗauko ƙura, a mayar da akwatin kamfani, saboda haka kada a sayar da shi. Mai sabuwar mota kuma ya tambayi dillalinsa tukuna, domin canjin na iya shafar garanti.

Ga motar turbo da ta rage ƙarfi, akwai abubuwan da suka fi araha da ya kamata a fara dubawa: toshewar matatar iska, laka da ƙwari da suka cika fuskar na'urar sanyaya iska, tsagewar tiyon turbo, da dattin na'urar auna iska. A lokacin hunturu a riƙa duba matata a kowane juyen mai, a canza ta kafin wa'adin da littafin mota ya ɗiba. Hura ta da iskar kwamfuresa mai ƙarfi, kamar yadda aka saba a gareji da yawa, na iya yaga takardar ba tare da ido ya gani ba.