Yadda Aka Fara Sauraren Ƙwaƙwalwar Bakwaini

Wani mai sauraronmu, manomi, ya rubuto yana cewa matarsa ta haifi bakwaini, an sa shi a kwalba. Yana tambaya, shin likita na da hanyar sanin ko ƙwaƙwalwar jariri tana girma daidai, alhali yaron bai iya faɗin komai ba?

To malam, akwai, kuma abin yana da tarihi. Ita ƙwaƙwalwa da ɗan ƙaramin lantarki take aiki. A 1875 wani likitan Ingila, Richard Caton, ya gano haka a jikin zomaye da birai. A 1924 kuma Hans Berger, likita a garin Jena na Jamus, ya ɗauki wannan motsi daga kan ɗan Adam, na'ura tana zana shi layi-layi. Ya bayyana aikinsa a 1929, amma mutane suka yi ta shakka, sai a 1934 masana a Kambirij suka tabbatar. Awon shi ne likitoci ke kira EEG. Wayoyi ake manna wa fatar kai, ba zafi, kuma ba wuta ake sa wa yaro ba.

Wadda ta kai awon ga bakwaini ita ce Colette Dreyfus-Brisac, likita a birnin Paris, tun daga shekarun 1950. Ita da abokan aikinta sun lura cewa ƙwaƙwalwar bakwaini takan yi motsi, ta yi tsit, ta sake motsawa, kamar ruwan farkon damina. Kullum mako ya ƙaru sai shirun ya ragu. Daga baya aka ƙara fahimtar cewa wajen mako 31 da shigar ciki, ɓangaren dama da na hagu ba kullum suke tashi tare ba, amma in an kai mako 40 sai ka ga sun daidaita. Alama ke nan jijiyoyin da ke haɗa su sun yi ƙwari. Yadda kake duban karan gero ka san kwanansa, haka likita ke duban zanen nan ya san ko yaro yana kan lokacinsa.

Awon yana kuma tona jijjigar da ido ba ya gani, domin jariri kan yi ta ba tare da jikinsa ya nuna ba.

Ka kuma sani ba ku kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin cikar mako 37 a 2020.

Saboda haka, in za ka gwada ɗanka da na maƙwabci, ka fara lissafi daga ranar da ya kamata a haife shi, ba ranar da ya zo ba. Ku riƙa ba shi nonon uwa, ku ɗumama shi a ƙirji, fata da fata, kada kuma ku tsallake ranar komawa asibiti. Allah Ya raya shi, amin.